Gafakar Inji: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Bahaushe bai saba barin abu mai daraja a tsirara ba. Takobi yana da kube, kwalli yana da tandu, tufafin amarya suna da adudu, hatsi yana da rumbu. Littafi kuwa, da yake ya fi su duka daraja, sutura biyu ake yi masa: a jera takardunsa tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, sannan a zura shi cikin gafaka. Duk wanda ya yi karatun allo irin wanda muka yi, ya san cewa almajiri yakan koyi ladabin buɗe gafaka da rufe ta tun kafin ya san abin da ke rubuce a ciki.

In mutum ya dubi waɗannan mazubai da idon basira, zai ga cewa kowanne an yi shi ne domin wani abokin gaba da aka sani da suna. An ɗora rumbu bisa duwatsu saboda gara da damshin ƙasa, an yi masa jinka saboda ruwan sama, an ƙuntata bakinsa saboda ɓera. An yi wa gafaka marufi mai saukowa har rabin jikinta domin ƙura da yayyafi su zame su wuce. Ashe sanin ƙasa da yanayinta ne aka ɗinke cikin fata, aka gine cikin laka.

Abin da ya sa na kawo wannan magana shi ne wani sabon mazubi da ya shigo hannun samarinmu a nan Garwa, wato akwatin roba da ake zanawa a kwamfuta, a buga shi da na'ura, domin a killace ƙwaƙwalwar inji. Na ga yadda aka yi ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma abin da na gani ya cancanci a faɗa wa iyaye da 'ya'ya baki ɗaya.

Wata rana samarin unguwarmu suka zo zauren dattijon da nake yi wa magatakarda, suna roƙon a ba su wani ɓangare na shago su ajiye injin da suka haɗa. Jagoransu ɗan ƙanwata ne, mai gyaran wayar hannu a kasuwa. Dattijo ya saurare su har suka gama, ya waiwayo ya ce mini: “Malam, je ka gano mini. Gani ya kori ji.”

Injin sassaƙa ne mai bin umarnin kwamfuta. An haɗa gangar jikinsa da katako da sandunan ƙarfe da aka ciro daga matattun na'urorin ofis. Ƙananan injinan juyawa guda uku ne ke tafiyar da bakin sassaƙar: ɗaya dama da hagu, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. Da shi suke rubuta sunayen shaguna a kan katako, suna kuma fatan kaiwa ga yin hatimi. Mai ba da umarni wani ɗan allon lantarki ne da ake kira Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005. Tsawonsa bai kai santimita 7 ba, faɗinsa kuwa ya ɗan haura 5, wato tafin hannun yaro ya fi shi girma. A kansa an ɗora wasu 'yan alluna uku, kowanne yana tuƙa injin juyawa ɗaya.

Aikin ya burge ni, amma mazaunin ƙwaƙwalwar ya tayar mini da hankali. A kan guntun kwali take, wayoyi sun harɗe kamar hanjin kaza, garin katako yana zuba a kanta, wayar wutar gida mai ƙarfin bolt 220 tana kwance kusa da ita, ga kuma wani yaron shago ɗan shekara goma yana kai da komowa babu takalmi. Na ce wa ɗan ƙanwata: “Ɗana, ba zan koma in ce wa Maigida ya ba da shago ga abin da zai iya kashe ɗan mutane ba. Ku yi mata gafaka tukuna.” Ya ce: “Kawu, an gama. Akwai zanen akwatin a intanet, kyauta ne, bugawa kawai za a yi.”

Ga wanda bai taɓa ganin na'urar bugun nan ba, aikinta ya yi kama da na maginiyar tukunya. Ana ba ta zaren roba mai kaurin milimita 1.75 da ke naɗe a kan ƙwarya, ta narkar da shi a wani ɗan baki mai zafin digiri 200 ko fiye, ta riƙa shimfiɗa shi sahu bisa sahu, kowane sahu kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, har siffar da aka zana ta tashi tsaye. Dabarar ta daɗe a hannun manyan kamfanoni. A 2005 wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara wani shiri mai suna RepRap domin kowa ya iya haɗa tasa, kuma da haƙƙin mallakar dabarar ya ƙare a 2009 sai farashi ya faɗo. A 2013 wani ɗan Togo, Afate Gnikou, ya haɗa irin wannan na'ura a Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci, labarinsa ya zaga duniya. A nan Kamaru ma an buɗe wani ɗakin ƙere-ƙere mai suna Ongola Fablab a Yawunde a 2017. Yau ƙaramar na'urar tana shigowa cikin kwali kamar talabijin, kuma wani abokin ɗan ƙanwata da ya yi karatu a Marwa yana da ɗaya.

Aka buga akwatin intanet da baƙar roba, ya fito sumul gwanin sha'awa. Cikin sanyin hunturu ya yi aiki lafiya. Da watan Afrilu ya kama, aka shiga kwanakin nan da zafin Garwa ke haura digiri 40 a inuwa, ga rufin kwano a bisa kai, sai marufin ya lotsa, 'yan ginshiƙan da ke riƙe da allon suka karkace, injin ya fara tsayawa a tsakiyar aiki. Rana guda ya ɓata allon wani mai shago bayan an ci rabin rubutun, aka biya kuɗin katako, aka kuma ba da haƙuri.

Dalilin ba boyayye ba ne. Robar da aka fi bugu da ita, wadda ake kira PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin ta, kuma tana fara laushi tun wajen digiri 60. Su kuma 'yan allunan da ke tuƙa injinan zafi suke fitarwa, kuma an gina su ne su kashe kansu idan zafin ya wuce kima. Wanda ya zana akwatin bai yi ha'inci ba. Ya zana shi ne domin ɗakinsa, a ƙasar da iskar ɗaki ba ta wuce digiri ashirin da 'yan kai. Mu ne muka ɗauko rigar wani muka sa wa namu, alhali magabata sun riga sun gaya mana cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Maimakon in bar shi ya koma neman wani zanen, sai na kai shi Hausare wurin wani tsohon baduku wanda ya ɗinka gafakar da nake amfani da ita tun ina saurayi. Muka same shi a kan buzu da basilla a hannu. Bayan gaisuwa, yaron ya ajiye lotsattsen akwatin gabansa ya ce: “Baba, ga abin da ya kawo mu.” Tsohon ya jujjuya shi, ya leƙa ciki, ya ce: “Yaro, ni ban san lantarki ba. Amma kafin in yanka fata, abu uku nake tambaya. Mene ne zai shiga ciki? Wane ne zai riƙa buɗewa? Mene ne kake tsoron ya same shi? In ka amsa waɗannan, sauran aikin hannu ne.” Waɗannan tambayoyi uku su ne aka bi wajen zana akwati na biyu.

Tambaya ta farko awo take nema. Aka auna allon da ma'aunin ƙarfe mai muƙamuƙi, tsawo da faɗi da tazarar ramukansa huɗu na ɗauri, aka auna tsayin 'yan ƙarafan alminiyam da ke shan zafi a kan matuƙan, aka kuma auna wurin da wayoyi ke buƙata kafin su lanƙwasa, domin nan ne mafi yawan masu zane ke mantawa. Baduku ya ba da shawarar a fara yanka siffar da kwali kamar yadda yake yi kafin ya taɓa fata mai tsada. Aka yi haka, aka sa allon a ciki, nan take aka ga cewa wayar kwamfuta ba za ta shiga ba sai an matsar da ƙofarta. Gyaran da aka yi da almakashi cikin minti biyu, da a kan roba ne da ya ci yini guda da zare mai yawa. An kuma koyi cewa roba ba ta fita daidai da zane ƙwaƙƙwaran daidai, saboda haka duk inda abu zai shiga cikin wani sai a bar masa sarari kamar milimita 0.3, irin sararin da tela ke bari a hammata.

Tambaya ta uku ita ta fi cin lokaci, domin abokan gaban lantarki a ƙasarmu suna da yawa, kuma babbansu zafi. Aka sauya roba zuwa wadda ake kira PETG, 'yar'uwar robar gorar ruwan sha, wadda ke jurewa har wajen digiri 80, aka kuma zaɓi fara maimakon baƙa. Aka ɗaga allon bisa ginshiƙai masu tsayin milimita 6, kamar rumbu bisa duwatsunsa, domin iska ta bi ta ƙarƙashi. Aka buɗe mashigar iska a ƙasa, mafita a sama ta ɗaya gefen, saboda iska mai zafi sama take yi, abin da maginan soro suka sani tun da suke huda 'yan tagoginsu can kusa da rufi. Aka kafa fanka tana hura iska kai tsaye a kan matuƙan. Masu gyaran rediyo suna da wata ƙa'ida game da 'yan tulunan nan da ake kira kondansa: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwarsu. Wanda ya sanyaya akwatinsa ya tsawaita ran abin da ke ciki.

Sai dai duk ƙofar da ka buɗe wa iska, ka buɗe wa ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne ke sauka a kwarin Binuwai, a lokacin kuma ake jigilar auduga, ɓurɓushinta yana yawo a iska, ga garin katakon da injin da kansa yake tayarwa. Dabarar da aka yi ita ce a juya fankar ta riƙa tura iska zuwa ciki ta bayan mataci, maimakon ta zuƙo ta waje. Da haka iskar cikin akwati takan fi ta waje matsi, sai ta riƙa fita ta kowace kafa, ƙura ta rasa hanyar shiga. Matacin kuwa ba wani abin nema ba ne: guntun gidan sauro da siririn soso, cikin wani ɗan firam da ake zarowa kamar aljihun tebur, a kakkaɓe shi kowace Juma'a.

Bayan ƙura sai masu rai. Tsaka tana son ɗumi, kuma in ta kwanta a bayan allon lantarki takan haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba, ta mutu ta kashe allon. Zanzaro kuwa duk ramin da ya samu sai ya cika shi da laka. Saboda haka aka yi tagogin iska sirara, faɗin kowace bai wuce milimita 2 ba, aka karkata su ƙasa kamar bakin indararo domin abin da ya faɗo daga sama ya zame, aka kuma buga wa ƙofar wayar kwamfuta ɗan murfi da ake toshewa in an tashi aiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin zanen intanet, domin mai zanen bai taɓa zama ɗaki ɗaya da zanzaro ba.

Akwai abokin gaba guda da roba ba ta iya masa, shi ne wutar gida. Roba tana narkewa, tana kuma ci da wuta. Don haka aka raba gida: tukunyar da ke sauke bolt 220 zuwa 24 aka bar ta cikin akwatinta na ƙarfe, mai walda ya yi mata rumfa ta daban, aka ɗaura mata wayar ƙasa, aka sa fis a mashigarta. Ƙaramar wuta kaɗai ke shiga akwatin roba. Kowace waya kuma an ɗaure ta a bakin ƙofarta, domin in wani ya yi tuntuɓe da ita, jan ya tsaya a jikin akwati kada ya kai ga allon. Ina roƙon duk saurayin da zai yi irin wannan aiki ya riƙe wannan sakin layi fiye da sauran. Allon da ya ƙone ana sayen wani. Yaron shago ba a sayen wani.

Hatta yadda aka buga akwatin sai da aka duba halin garinmu. Wutar arewa ta daɗe tana dogara ga madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma kowa ya san ruwa yakan ja baya da rani. Akwatin da za a buga dunƙule guda yana iya cin awa goma sha biyu, in wuta ta ɗauke a awa ta goma an yi asarar zare da yini. Sai aka raba shi bango-bango, kowane bango awa biyu ko ƙasa da haka, a haɗa su da noti. Gindin ma ba a buga shi ba, falankin katako aka yanka, domin babu dalilin ƙona zare mai tsada da ake kawowa daga nesa a kan abin da kafinta zai yi cikin minti biyar. Abin da na'urar ta fi kowa iyawa, wato ginshiƙai da kusurwoyi da mazaunin fanka da sirarran tagogi, shi aka bar mata.

Na ajiye tambaya ta biyu zuwa ƙarshe domin ita ta fi taɓa ni: wane ne zai riƙa buɗewa? Amsar ita ce yaran shago, da duk mai gyaran da zai zo bayan ɗan ƙanwata. Saboda su aka ƙi amfani da gam, aka sa noti huɗu irin waɗanda ake samu a kowace rumfar kayan babur. Saboda su aka kafa babban jan madanni a gaba, inda tafin hannu zai same shi ko da ido a rufe, wanda ke yanke wuta gaba ɗaya. Da aka zo rubutun da za a sa a jikin marufi, yaron ya fara rubutawa da Faransanci. Na ce masa: “Ɗana, yaron nan da ke share maka shago, da wane rubutu ya fara buɗe ido?” Ya yi shiru, sannan ya ce: “Da na allo, Kawu.” Aka rubuta KUNNA da KASHE da TSAYA da boko, aka maimaita su da ajami a ƙarƙashi, haruffan sun taso a jikin robar ana shafa su da yatsa. A tsakiyar marufin kuma aka sa dagi, irin wanda dukawa ke yi wa gafaka.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu ba ƙarami ba ne. Mu Hausawan Garwa tsiraru ne. 'Ya'yanmu suna ciniki da Fulatanci, suna karatu da Faransanci, kuma babu laifi cikin ko ɗaya, domin harsunan maƙwabtanmu ne da na ƙasarmu. Amma in Hausa ta tsaya a gaisuwa da kicin da wurin biki, ba ta shiga shagon aiki ba, to jikokinmu za su ɗauka harshe ne da ba a tunanin zamani da shi. Kalma uku a jikin inji suna gaya wa yaro cewa harshen uwarsa yana iya ba ƙarfe umarni. Haka nan sana'ar dukanci: jakunkunan roba na kanti sun janye mata masu saye, tsofaffin da suka iya ta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In basilla ta faɗi daga hannunmu, bai kamata tambayoyin nan uku su faɗi tare da ita ba.

Akwati na biyu ya ratsa bazara da damina da hunturu bai lotsa ba. Na koma na shaida wa dattijo abin da na gani, ya ba da shagon, bisa sharaɗin a ɗauki yara biyu na unguwa su koyi aikin. Na kuma sa ɗan ƙanwata ya rubuta duk awon a littafi, da dalilin kowane rami da kowace taga, da Hausa, domin na san daga aikina cewa abin da ba a rubuta ba yakan bi mai shi kabari.

Ina da kira ga ɓangarori uku. Samari masu wannan sha'awa, ku ɗauki ilimi daga ko'ina, amma ku auna shi da ma'aunin garinku, kuma ku riƙa musayar zanenku da 'yan'uwanku na Marwa da Kusiri da Yola da Njamena, waɗanda rana ɗaya ke gasa ku. Ko na Ngaundare, da ke kan tudu mai sanyi, ba lalle ne akwatinsa ya yi muku daidai ba, balle na Turai. Iyayenmu masu sana'ar hannu, dukawa da maƙera da magina da kafintoci, kada ku kori yaro don ya zo da kwamfuta a hammata, ku tambaye shi abin da yake tsoro ya sami kayansa, za ku ga kuna da abin ba shi. Masu hali kuma, ku sani cewa na'urar bugun nan guda ɗaya da 'yan ƙwaryoyin zare za su ishi samarin unguwa guda, kuma tun da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022 yaranmu masu karatu suna ƙaruwa a gida, suna buƙatar wurin da hannu zai taɓa abin da kai ya haddace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya yi wa sana'o'inmu albarka, na da da na yanzu, ya tsare mana 'ya'yanmu a wuraren aikinsu, ya jiƙan magabatan da suka koya mana suturta abin da muke ƙauna. Amin.